Animals, Faifan Pink Floyd

Animals faifan waƙoƙi ne na ƙungiyar Pink Floyd ta Ingila, wanda ya fito a watan Janairun 1977, kuma ma'abota kiɗa suna lissafa shi cikin ginshiƙan kiɗan rok mai dogon zango, irin wanda waƙa guda takan zarce minti goma sha biyar, tana sauya kari da amo. Roger Waters, wanda ya tsara baitocinsa, ya ɗauko asalin hikimar daga littafin George Orwell na 1945, wanda Bala Abdullahi Funtuwa ya fassara da sunan Gandun Dabbobi. Sai dai fa, inda Orwell ya yi zambo ga mulkin Stalin, shi Waters sai ya karkata akalar zuwa ga jari-hujja, ya kasa al'umma kashi uku: karnuka ma'abota haɗama, aladu masu mulki da taƙama, da tumaki waɗanda ake kora ba su ce uffan ba, har ranar da suka yi tawaye. Bangon faifan yana ɗauke da surar alade na roba a sararin samaniya bisa tashar lantarki ta Battersea a Landan, wanda igiyarsa ta tsinke lokacin ɗaukar hoto, iska ta kai shi wata gona a Kent.