Tarihin Tarin Fuka: Daga Hannun Sarakuna Zuwa Ƙwayar Magani

A wannan makon zan ɗan jingine labarin da nake kawo muku, domin mu leƙa tarihin wata cuta da mu marubuta muka daɗe muna kashe taurarinmu da ita. Da zarar an ce yarinya ta yi tari ta ga jini a hankici, mai karatu ya san sai dai a fara haƙa kabari. Alhali tarin fuka, ko tibi, ciwo ne da ake warkewa daga gare shi sarai.

Cutar tsohuwa ce, don an ga alamunta a gawarwakin mutanen Masar na zamanin Fir'auna. Turawa ma sun daɗe suna lalube cikin duhu. A Ingila da Faransa, wanda ta kumbura masa wuya wurin sarki ake kai shi ya shafa shi da hannu, wai a nan waraka take. Har zuwa 1825 sai da wani sarkin Faransa ya yi wannan shafar. Likitocinsu kuwa da yawa cewa suke yi gado ce, tunda sukan ga ta bi gida guda ta kwashe uwa da 'ya'ya.

A 1865 wani likitan sojan Faransa, Villemin, ya sa wa zomaye cutar suka kamu, ya nuna ɗaukarta ake yi. Sannan ranar 24 ga Maris 1882, a birnin Balin, Robert Koch ya bayyana ƙwayar da ke haddasa ta. A lokacin, cikin mutum 7 da suka mutu a Turai, 1 ita ce ajalinsa. Sai dai gano ɓarawo daban, kama shi daban. Maganin da Koch ya fito da shi a 1890 bai warkar ba. Allurar BCG, wadda ake yi wa jariranmu a dantse, ta zo a 1921, amma yara take karewa daga mummunan nau'in cutar. Sai a 1943 aka gano streptomycin a Amurka, isoniazid ya biyo baya a 1952.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne binciken da aka fara a Madras ta Indiya a 1956. An raba marasa lafiya biyu, wasu aka killace su a asibiti, wasu aka bar su a gida suna shan magani. Da aka duba, na gida sun warke kamar na asibiti, kuma iyalansu ba su fi na waɗancan kamuwa ba. Ashe magani ne ke kare iyali, ba korar mara lafiya ba.

To jama'a, mu a nan har yanzu wasu na cewa sammu ne, ko gado, ko gashin mage aka haɗiya. Ana ware wa mutum kwano da moɗa, a fasa aurensa, wata ma a sake ta. Ƙwayar nan ta iska take bi, idan mai ita a huhu ya yi tari ko atishawa, musamman a ɗaki mai cunkoso marar taga. Ba ta bin musabaha, ba ta bin kwano. Akwai dai nau'in shanu da kan zo ta madarar da ba a tafasa ba.

Wanda ya yi mako 2 yana tari, ga rama, ga zazzaɓi da gumin dare, ya je a gwada majinarsa. A Nijeriya gwajin da maganin kyauta ne a cibiyoyin da gwamnati ta ware. Wata 6 ake yi ana sha, kuma wanda ya ji sauƙi ya yar da shi, ƙwayar kan dawo ta daina jin maganin. Nelson Mandela ya kamu a kurkuku a 1988, ya sha magani ya warke, ya rayu har 2013. Amma a 2023 kaɗai mutum kusan miliyan 1.25 ta kashe a duniya, ga kuma maganin nan.

Don haka 'yan uwana marubuta, idan tauraruwa ta yi tari a babi na 5, a kai ta asibiti a babi na 6, a ɗaura mata aure a ƙarshe. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin. Sai mako mai zuwa.