Sheikh Abubakar Mahmud Gumi: Alƙalin Alƙalan Jihar Arewa

Sheikh Abubakar Mahmud Gumi malami ne kuma alƙali, haifaffen garin Gummi, maƙwabciyar Bukkuyum a yammacin Jihar Zamfara ta yau. An haife shi a farkon shekarun 1920. Mahaifinsa, Malam Mahmud, alƙali ne a Gummi, kuma a gabansa ya fara karatun Alƙur'ani da fiƙihun Malikiyya.

Ya yi makarantar Midil ta Sakkwato, sannan ya wuce Makarantar Shari'a ta Kano, wadda aka kafa domin horar da alƙalan En'e. Da ya gama, ya yi aikin magatakardan kotu a Sakkwato, ya kuma koyar a Maru tare da Malam Aminu Kano. Daga baya ya ƙaro ilimi a Bakht al-Ruda ta ƙasar Sudan, ya kuma yi aikin kula da alhazan Nijeriya a Jidda.

Alƙalancinsa ya zo ne a daidai lokacin da aka sauya fasalin shari'a a Arewa. A 1960 dokar Final Kod ta fara aiki, hukuncin manyan laifuffuka ya koma ƙarƙashinta, aka kuma kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Kaduna. Hurumin wannan kotu ya shafi al'amura irin su aure, saki, gado, wasiyya, waƙafi da riƙon yara. Gumi ya fara da muƙamin mataimaki a kotun, sannan a 1962 ya zama Alƙalin Alƙalai. Duk wanda bai gamsu da hukuncin alƙalin garinsu kan waɗannan al'amura ba, ƙararsa tana iya kaiwa gaban Gumi. A wannan zamani ya kasance na hannun daman Sardauna Ahmadu Bello kan sha'anin addini, kuma da shi aka kafa Jama'atu Nasril Islam a 1962.

Bayan an raba Jihar Arewa a 1967, sunansa ya fi fita ta wajen karantarwa. Tafsirinsa na watan azumi a masallacin Sultan Bello ya shiga gidaje ta Rediyon Kaduna. Littafinsa Al-Aƙidatus Sahiha na 1972 ya jawo muhawara mai zafi tsakaninsa da malaman ɗariƙu, kuma koyarwarsa ce ta zama tushen ƙungiyar Izala da aka kafa a Jos a 1978. Ya fassara Alƙur'ani zuwa Hausa, ya kuma sami kyautar Sarki Faisal a 1987. Ya rasu a Landan ranar 11 ga Satumba, 1992.