Ƙudus Da Ofishin Jakadancinmu: Abin Da Tarihi Ya Nuna

A hirar da muka yi bayan taron wata da ya gabata, magana ta ɓalle kan Ƙudus, ta yi zafi har sai da shugaba ya buga tebur. Tambayar ita ce: shin ya kamata Najeriya ta bi sahun Amurka, ta amince da birnin a matsayin babban birnin Isra'ila, ta ɗauke ofishin jakadancinta daga Tel Aviv ta kai can? Mun lura cewa tun kafin mutum ya gama jimlar farko an san inda ya dosa. Mai cewa “Urushalima” yana gefe ɗaya, mai cewa “Ƙudus” yana ɗaya gefen. A garin Jos, duk maganar da ta rabu haka ba abin wasa ba ce, shi ya sa aka ɗora wa sakatariya ta tono tarihin lamarin ta kawo nan.

Tsohon birnin, wanda ke cikin ganuwa, bai cika murabba'in kilomita ɗaya ba. A wannan ɗan fili ne Masallacin Al-Aƙsa yake, alƙiblar farko ta Musulmi. A nan Cocin Kabari Mai Tsarki yake, inda Kirista ke zuwa ganin wurin gicciye da tashin Yesu. A nan Bangon Yamma yake, abin da ya rage wa Yahudawa daga harabar Haikalinsu da Rumawa suka rusa a shekara ta 70. Kuma muna da dangi a wurin. Dab da wata ƙofar masallacin da ake kira Babun Nazir akwai unguwar baƙar fata, zuriyar alhazan da suka taka ta ƙasa daga Najeriya, Chadi, Senegal da Sudan, suka sauke farali a Makka, suka zarce Ƙudus, suka yi zamansu. Akwai jinin Hausawa da na Barebari a cikinsu, wasu kakanninsu ma gadin masallacin suka yi.

Turkawan Daular Usmaniyya (ta Istanbul muke nufi, ba tamu ta Sakkwato ba) sun riƙe birnin shekara 400, daga 1517 zuwa 1917. A watan Disamban 1917 Janar Allenby na Ingila ya shiga ta Ƙofar Jaffa da ƙafa, makonni kaɗan bayan Balfour ya yi wa Yahudawa alkawarin matsuguni a Falasɗinu. Da rigima ta ishi Ingila, sai ta miƙa wa Majalisar Ɗinkin Duniya ƙwallon. Ranar 29 ga Nuwamba 1947 majalisar ta zartar da ƙuduri mai lamba 181: a raba ƙasar biyu, ɗaya ta Yahudawa, ɗaya ta Larabawa. Ƙudus da Baitalami kuwa ba a ba kowa ba, aka ce a ware su ƙarƙashin kulawar duniya. Shugabannin Yahudawa suka karɓa, Larabawa suka ƙi.

Bindiga ce ta yi rabon da takarda ta kasa. Yaƙin 1948 ya bar yammacin birnin a hannun Isra'ila, gabashinsa da tsohon birni a hannun Jodan. Kowane ɓangare yana da tabon da yake nunawa daga wannan lokaci, kuma duka biyun gaskiya ne. Falasɗinawan unguwannin yamma irin su Ƙatamon da Talbiya sun rasa gidajensu, ba su koma ba har yau. Yahudawan tsohon birni an fitar da su, an rusa wuraren ibadarsu da dama, shekara 19 ba su sami kusantar Bangon Yamma ba. A Disamban 1949 Ben-Gurion ya ayyana Ƙudus babban birnin Isra'ila, majalisarsu ta koma can.

A yaƙin kwana shida na Yunin 1967 Isra'ila ta ƙwace gabashin. Cikin 'yan kwanaki aka rushe unguwar Magaribawa, gidaje sama da ɗari, don a yi fili a gaban Bangon. An faɗaɗa iyakar birnin da murabba'in kilomita kusan 70, aka haɗiye ƙauyukan Falasɗinawa. Harabar masallacin dai an bar ta a hannun hukumar waƙafi da Jodan ke kula da ita. Ranar 21 ga Agusta 1969 wani ɗan Ostireliya ya cinna wa Al-Aƙsa wuta, mumbarin zamanin Salahuddin ya ƙone. Wannan gobara ce ta haifi taron Rabat da ƙungiyar OIC, wadda shigar Najeriya cikinta a 1986 ta tayar da ƙura a ƙasar nan. Ashe tun tuni hayaƙin Ƙudus ke iso mana.

Sai 1980, shekarar da ya kamata mu riƙe da kyau. Ranar 30 ga Yuli majalisar Isra'ila ta yi dokar da ta ce Ƙudus gaba ɗayanta, a haɗe, ita ce babban birninta. Ranar 20 ga Agusta Kwamitin Sulhu ya mayar da martani da ƙuduri na 478, ƙuri'a 14 ba hamayya, Amurka ta ƙaurace. Aka ce dokar ba ta da tushe, duk ƙasar da ke da ofishin jakadanci a birnin ta janye shi. Ƙasashe 13 suka kwashe zuwa Tel Aviv.

To ina Najeriya a duk wannan? Tun 1960 kanmu a rabe yake. Gwamnatin Tafawa Ɓalewa ta bari Isra'ila ta buɗe ofishi a Legas, jihohin Yamma da Gabas suka yi hulɗa da ita sosai, Sardauna kuwa ya ce Arewa ba ta son rancenta. Ɓalewa ya raba gardama ta hanyar ƙin buɗe ofishin Najeriya a can.

Mutumin da ya yanke hulɗar baki ɗaya ɗan Filato ne. Janar Yakubu Gowon, ɗan ƙabilar Ngas, Kirista ɗan mai bishara, wanda ya tashi a Wusasa. A Nuwamban 1971 yana cikin shugabannin Afirka huɗu, shi da Senghor da Ahidjo da Mobutu, da ƙungiyar haɗin kan Afirka ta tura Ƙudus da Alƙahira neman sulhu. Ba a dace ba. A Oktoban 1973, yana shugaban ƙungiyar, yaƙi ya sake ɓarkewa, sojojin Isra'ila suka tsallaka mashigin Suwes suka taka ƙasar Masar ta ɓangaren Afirka, sai Najeriya ta yanke hulɗa. Mun jinkirta a kan wannan ne domin waɗanda suka ce a zamanmu wai matsayar Najeriya “ta Musulmi ce”. Gowon bai yi don masallaci ba, ya yi ne kan ƙa'idar cewa ba a mallakar ƙasa da ƙarfin soja.

A 1984 Sarkin Kano Ado Bayero da Ooni na Ife Okunade Sijuwade sun kai ziyara Isra'ila, gwamnatin Buhari ta soja ta hana su fita daga masarautunsu wata shida. A Nuwamban 1988 Najeriya ta amince da ƙasar Falasɗinu da aka ayyana a Aljiyas. A 1992 kuma Babangida, Musulmi, shi ya maido da hulɗar da Kirista ya yanke, aka buɗe ofishinmu a Tel Aviv. Jonathan ya je ziyarar ibada a 2013 yana kan mulki, kuma a ƙarshen Disamban 2014 Najeriya ta ƙaurace wa ƙuri'ar Kwamitin Sulhu kan Falasɗinu, ƙudurin ya sami 8 alhali 9 ake nema. Duk da wannan kusanci, Jonathan bai taɓa ofishin ba.

Ranar 6 ga Disamba 2017 Trump ya aiwatar da wata doka ta 1995 wadda Clinton da Bush da Obama suka yi ta ɗagewa duk wata shida. Kwamitin Sulhu ya zauna, ƙasashe 14 suka ƙi yarda da shi, Amurka ta hau kujerar na ƙi. Ranar 21 ga Disamba aka kai Babban Zaure: 128 suka yi watsi da matakin, da Najeriya a ciki, 9 suka goyi baya, 35 suka ƙaurace. Togo kaɗai ce daga Afirka cikin taran. An buɗe ofishin Amurka ranar 14 ga Mayu 2018, ranar da aka harbe Falasɗinawa kusan 60 a shingen Gaza. Tsirarun ƙasashe irin su Guatemala, Honduras da Kosovo sun bi. Ostireliya ta amince da yammacin birnin a 2018, ta janye a 2022.

Adalci ne mu faɗi hujjar masu cewa a koma, domin tana da nauyi. Annabi Dauda ya mai da birnin mazaunin sarautarsa shekara kusan 3,000 da suka wuce, Yahudawa can suke fuskanta in za su yi addu'a ko'ina suke a duniya. Majalisar Isra'ila, kotun ƙolinta da fadar shugabanta duk suna yammacin Ƙudus, jakadanmu ma can yake zuwa ya miƙa takardunsa. Kuma kowace ƙasa ita ke zaɓar babban birninta. Wa muka tambaya da muka bar Legas?

Sai dai misalin Abuja ba ya taimakon masu kawo shi. Ranar 3 ga Fabrairu 1976, a jawabin da ya ƙirƙiro Jihar Filato, Murtala ya sanar da karɓar shawarar kwamitin Mai Shari'a Aguda, kuma babban dalilin zaɓen wurin shi ne ba ya hannun ɗaya daga manyan ƙabilu uku. Mun gudu daga birnin da za a ce na wane ne. Ko a hakan ma, Gbagyi da sauran mutanen wurin har yau suna kukan filayensu. Abuja kuma cikin iyakar da duniya ta san tamu ce take. Dokar 1980 ba yammacin Ƙudus kaɗai ta ambata ba, har da gabashin da aka kama da yaƙi, inda Falasɗinawa ke son kafa nasu babban birnin. Su ne sama da kashi ɗaya cikin uku na mazauna birnin, amma mafi yawansu takardar zama kawai gare su, ba sa zaɓen majalisar ƙasa, kuma ana iya soke takardar in mutum ya daɗe a waje. Yarjejeniyar Oslo ta 1993, wadda Isra'ila da kanta ta sa wa hannu, ta bar batun Ƙudus sai zaman ƙarshe. A Yulin 2024 Kotun Duniya ta ba da ra'ayin cewa mamayar, har da ta gabashin Ƙudus, ta saɓa doka.

Mu mutanen Jos ba sai an karanta mana illar sa hannu daga nesa ba. A 1991 gwamnatin soja ta raba ƙaramar hukumar Jos, aka sami Jos ta Arewa. Hausawan gari suka ga haƙƙi ne ya zo, Berom da Afizere da Anaguta suka ga an yanka musu gari ba a tambaye su ba. Ba mu zo nan yanke hukunci kan wa ke da gaskiya ba. Abin da muka gani da idonmu shi ne abin da ya biyo baya: naɗin shugaban riƙo a Afrilun 1994 da rikicinsa, 7 ga Satumba 2001, zaɓen Nuwamban 2008, Janairun 2010. Kwamitocin Fiberesima, Niki Tobi da Bola Ajibola duk sun zauna sun rubuta rahoto. Yau ga garin: wanda aka haifa a Unguwar Rogo yana tunani kafin ya kama haya a Unguwar Rukuba, haka na can ma. Ɗan sauƙin da muka samu ya zo ne da dattawan al'ummomi suka fara zama wuri ɗaya suna faɗa wa juna ɗaci a fuska.

Kwatancin yana da iyaka, mun sani. Jos ba ta ƙarƙashin mamaya, dukanmu fasfo ɗaya muke riƙewa, kuma babu wanda ke fuskantar Tamina in zai yi salla. Amma a ganinmu darasin ya isa: amincewa da Ƙudus ga ɓangare ɗaya kafin masu rigimar su daidaita, raba gado ne alhali ɗaya magajin yana waje. Ofishinmu ya zauna a Tel Aviv. Ranar da suka sasanta, in sun ce yamma ta Isra'ila gabas ta Falasɗinu, sai mu buɗe biyu. Wannan ba zai hana Kiristanmu zuwa ziyara su dawo da JP a bayan sunansu ba, kamar yadda bai hana ba tun da aka kafa hukumarsu a 2007.

Wani abu da ba a ambata a zamanmu ba: a ranar da Trump zai yi jawabinsa, shugabannin coci-coci 13 na Ƙudus, na Otodoks da Katolika da Angilika da Lutaran, sun rubuta masa wasiƙa suna roƙon kada ya sauya matsayin birnin. Su ne ke kwana su tashi a wurin. Cocin Kabari Mai Tsarki da suke ibada a ciki, ɗarikoki shida ne ke raba shi bisa wani tsohon tsari da sarkin Istanbul ya tabbatar a 1852, kowa ya san sa'arsa da kusurwarsa. Mabuɗin ƙofar kuwa ba ya hannun ko ɗaya daga cikinsu. Ɗaruruwan shekaru ke nan yana ajiye wurin wani gidan Musulmi, gidan Judeh, wani gidan Musulmin kuma, na Nusaiba, shi ke da alhakin buɗewa da asuba da rufewa da dare.