Raƙumin Laka da Tubalin Roba: Waiwaye Daga Damargu

Idan kaka ta yi a Damargu, aka yanke hatsi aka ɗaure dammuna aka kai rumbu, karan da ya rage a gona rabon dabbobi ne da masu danni, sai kuma yara. Yaro zai zaɓi kara mai kauri, ya feƙe ɓawonsa da haƙori, ya yanyanka totuwar gunduwa-gunduwa, ya riƙa soka tsinkayen ɓawon a cikinta har mota ta tashi, da ƙafafunta da wurin zaman direba. Da damina kuma sai a koma bakin tabki. A nan ake murza laka a fitar da sa mai manyan ƙahoni, da doki, da amale mai tozo, a soka masa ƙayar aduwa a gefe a ce takobin mai shi ce. Daga Tanut zuwa Gangara, daga Olelewa zuwa Belbeji, da wuya ka sami dattijon da bai yi wannan ba. Da mota ta yawaita a hanyar Damagaram zuwa Agadas, sai gwangwani da waya suka shigo sana'ar, tsohon silifas ya zama taya.

Ginin rabin wasan ne. Da zarar raƙuman sun bushe sai a jera su ayari, a naɗa madugu, a sa ƴan fashi su yi kwanto a bayan tudun rairayi. A gwabza, wuyan amale ya karye, a jiƙa laka a ɗora masa wani, tafiya ta ci gaba. Wannan ɗabi'a ta a gina, a ba da labari, a rushe, a sake ginawa, ita ce wani kamfani a arewacin Turai ya yi shekaru yana sayar wa duniya, har ta kai shi ga wasan bidiyon da nake son mu waiwaya, wato Lego Indiana Jones na shekarar 2008.

Asalin abin daga wani kafinta ne, Ole Kirk Christiansen, a ƙauyen Billund na ƙasar Danmak. Bayan tattalin arzikin duniya ya karye, masu gina gidaje suka ja baya, sai a 1932 ya koma sassaƙa kayan wasan yara da katako. A 1934 ya raɗa wa shagonsa suna Lego, daga kalmomi biyu na harshensu masu nufin a yi wasa da kyau. Ya sayi injin narka roba a 1947, ya fara buga ƴan tubala a 1949, amma na farkon ba su kama juna sosai, ana ɗaga gini sai ya wargaje. Sai a watan Janairun 1958, shekarar da tsohon ya rasu, ɗansa Godtfred ya yi rajistar fasahar da ta gyara matsalar: ƴan ƙullutai a saman tubali, ƴan bututu a cikinsa, idan an danna su maƙale, idan an ja su rabu. Tubalin wancan zamani har yau yana shiga cikin na bana. Wani masanin lissafi ɗan Danmak, Søren Eilers, ya ƙirga cewa tubala 6 kacal, irin masu ƙullutu takwas, ana iya haɗa su ta hanyoyi fiye da miliyan 915. Gobara ta cinye ma'ajiyar katakon kamfanin a 1960, daga nan suka bar katako gaba ɗaya.

Shekara ashirin bayan rajistar nan, a 1978, aka fito da ɗan mutum-mutumin nan mai rawayar fuska da hannu kamar ƙugiya. Tunda aka sami mutane, dole a nemo musu labari. A 1999 kamfanin ya fara fitar da tubalan finafinan Star Wars bayan ya sayi izinin yin su. Duk da haka a 2003 da 2004 ya tafka asarar da ta kusa durƙusar da shi, aka shiga rufe sassa, har da sashen wasannin kwamfuta. Wasu daga ma'aikatan sashen suka fita da aikin da suka faro, suka haɗa hannu da wani kamfanin Ingila mai suna Traveller's Tales, wanda Jon Burton ke jagoranta. A 2005 suka fitar da Lego Star Wars. Ba a sa masa rai sosai ba, sai ga shi ya sayu miliyoyi. Kafin ƙarshen 2007 kamfanin finafinai na Warner Bros. ya saye masu wasan.

Indiana Jones kuwa tun 1981 yake a majigi. George Lucas ne ya ƙago shi, Steven Spielberg ya ba da umarni, Harrison Ford ya fito a matsayin malamin jami'a mai haƙo kayan tarihi, da malafarsa da bulalarsa. A fim na farko yana tsere da sojojin Hitler wajen neman Akwatin Alkawari na Bani Isra'ila a Masar. Na biyu, na 1984, labarinsa a Indiya ne, kuma a nan mai kallon Hausa zai ga fuskar da ya sani: mugun bokan fim ɗin Amrish Puri ne, wanda ya fito a Mogambo cikin Mr. India bayan shekara uku. Hukumomin Indiya ba su yarda a ɗauki fim ɗin a ƙasarsu ba saboda yadda ya siffanta mutanensu, sai a Siri Lanka aka ɗauka. Na uku, na 1989, ya haɗa jarumin da mahaifinsa. Finafinai ne masu daɗin kallo, amma ba na ƙananan yara ba ne, akwai narkewar fuska, akwai ciro zuciya daga ƙirjin mai rai.

A watan Yunin 2008, makonni kaɗan bayan fitowar fim na huɗu, aka saki wasan, wanda ya tattara finafinai ukun farko a matakai 18. Abin da ya fi burge ni a cikinsa shi ne babu mai magana. Ƴan tubalan nan sai gurnani da ɗaga kafaɗa da zare ido da nuni da hannu. Mu da muka ga yadda finafinan Indiya suka ƙara karɓuwa bayan masu fassara irin su Algaita sun sa musu Hausa, mun san nauyin harshe a wajen mai kallo. Wannan wasa ya tsallake matsalar baki ɗaya. Yaron da bai taɓa shiga lakwal ba zai gane cewa jarumi ya ɗauke gunkin zinariya, ƙaton dutse ya biyo shi, sai gudu. An kuma tace abubuwan firgici. Ba a ambaci ƴan Nazi na Hitler ba, sojoji ne kawai marasa tuta. Babu jini. Wanda aka buge sai ya tarwatse gunduwa-gunduwa, ya zubar da ƴan sulallan da ya tara, bayan ƙiftawar ido ya dawo garau a inda ya faɗi. Raƙumin laka ke nan da aka ɗora wa sabon wuya.

Sai zancen mutum biyu. An tsara wasan ne yadda na biyu zai ɗauki abin dannawa ya shigo a tsakiyar tafiya, in an kira shi aike ya ajiye, na'ura ta ci gaba da jan ɗan tubalinsa. Kuma ba gasa suke yi ba, hanya ɗaya suke bi, kowa da abin da ya iya. Indiana yana lilo da bulala ya tsallake rami. Wani ƙaramin yaro mai suna Short Round shi ke kutsawa ta ƙananan ƙofofi. Mata sun fi maza tsalle. Mai shebur ya tono, mai sifana ya gyara inji, mai littafi ya karanta rubutun bango. Har tsoro an raba musu: jarumin da kansa in ya ga maciji sai ya daskare yana kyarma, mahaifinsa ɓera yake tsoro, Willie mawaƙiya kuma gizo-gizo, dole abokin tafiya ya zo ya kawar da abin kafin a wuce. A ganina nan ne hikimar take. Wa da ƙane, ko uba da ƴarsa, za su zauna tabarma ɗaya, babba bai gundura ba, ƙarami bai yi kuka don an cinye shi ba.

Ta wace ƙofa irin wannan wasa zai shigo Damargu? Ya fito a kan na'urori da yawa, ciki har da PlayStation 2, wadda aka fara sayarwa a shekarar 2000, aka kuma sayar da fiye da miliyan 150. Ita ce bayan ta tsufa a Turai ta gangaro kasuwanninmu a matsayin ta hannu, ta zama jarin masu gidan gem daga Kano har Damagaram. Sai dai gidan gem ba ɗakin iyali ba ne. Rumfa ce ko shago, da talabijin da benci da injin wuta, ana biya a buga, wanda aka ci ya tashi. Tsarin kuɗin da kansa ya zaɓi wasan da zai rayu: ƙwallon ƙafa da dambe, masu ƙarewa cikin ƴan mintoci. Wasan da ke son a zauna sa'o'i ana warware dabaru, a ajiye a dawo gobe, bai dace da mai shagon da layi ke jiransa ba. Ƴan mata kuma ba su shiga wurin. Wasan da aka yi domin gida sai ya tarar na'urar ba ta gida ba ce. Yanzu salula da farantin sola sun fara sauya lissafin, allo ya shiga har rugage da ƙauyukan da ke nesa da kwalta, amma allo ne na mutum ɗaya, sauran sai leƙe ta kafaɗa.

Ina da ƙorafi a kan wasan, kuma ba ƙarami ba ne. Sunansa na tubali ne, amma mai wasa ba ya gini. In ka tarar da tarin tubala suna tsalle a ƙasa, maɓalli ɗaya za ka danne, gada ko tsani ya haɗa kansa yadda masu wasan suka riga suka tsara. Hanyoyi miliyan 915 sun koma hanya ɗaya. Yaron da ke fama da totuwa a Tarka, yana tunanin yadda taya za ta juya ba ta fita ba, ya fi shi aikin ƙwaƙwalwa nesa ba kusa ba. Masu wasan sun so su gyara, domin a kashi na biyu da ya fito a Nuwamban 2009 sun sa wurin da mutum zai tsara matakinsa da kansa. Amma wasan Minecraft ne, wanda ya kammala fitowa a 2011, ya ba yara ginin gaske a allo. A 2012 kuma aka sa wa ƴan tubalan Lego murya, tun daga Lego Batman 2. Sun sami baki, yaron da ba ya jin Turanci ko Faransanci ya koma baya.

Akwai kuma abin da tacewa ba ta taɓa ba. Jarumin nan aikinsa shiga wuraren ibadar mutane da kaburburansu, ya ɗauko abin da ya samu ya kai gidan tarihi a ƙasarsu, mutanen wurin kuwa ko ƴan dako ne ko masu jifa da mashi. A wasan ma haka ne, kowane mataki akwai kayan tarihin da za ka tattara ka kai kwalejin da yake koyarwa. Ɗan Nijar da ya san yadda aka wawashe tukwane da mutum-mutumin Bura bayan gano wurin a 1975 ba zai kalli wannan da ido ɗaya da ɗan Amurka ba. Ban ce a hana yara ba. Na ce babba ya zauna kusa, ya tambayi yaro: kayan nan na wane ne?

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Damargu ba ta rasa labarin kasada ba. Ƙasa ce da ta daɗe tana ciyar da Abzin da hatsi, ayarin Abzinawan Kel Owe na saukowa da kantun gishirin Bilma su koma da gero. Da irin wannan ayari ne Bature matafiyi Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya iso Tagelel a Damargu, inda a Janairun 1851 shi da abokin tafiyarsa Overweg suka rabu da na ukunsu, Richardson. Richardson ya nufi Damagaram, ya rasu a watan Maris kafin ya kai Kukawa, Barth kuma ya bi ta Tasawa da Katsina ya shiga Kano. Daga baya a cikin wannan tafiya akwai Dorugu, yaro Bahaushe daga ƙasar Damagaram da aka kama bauta, Overweg ya ƴanta shi, ya bi Barth har Tambutu, ya tsallaka Sahara, ya ga Landan a 1855, ya kuma ba da labarinsa da bakinsa da Hausa, aka buga a littafin Magana Hausa a 1885. Ga rijiyoyi, ga guguwa, ga ƴan fashi, ga yaro ƙarami a tsakiyar labari, kuma shi ba ya ɗauke kayan kowa.

Hannun da zai yi aikin ma ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Mustafa Alasan, wanda ya zauna a Tawa ya rasu a 2015, ya yi fim ɗin Samba le Grand a 1977 da ƴan tsana da ya ƙera da kansa, yana motsa su kaɗan-kaɗan yana ɗauka. A Kamaru, kamfanin Kiro'o Games ya fitar da wasan Aurion a 2016. Matasanmu da ke koyon kwamfuta a Jami'ar Damagaram da Yamai da Kano, ku zo Tanut da Belbeji bayan kaka, ku zauna da yaran da ke feƙe kara, ku ɗauki siffar amalensu da motarsu yadda suke. Ku yi mana wasan ayari wanda zai hau ƙaramar salula ba sai da intanet ba, wanda mutum biyu za su buga tare, wanda kuma yaro zai ɗaura wa raƙuminsa kaya da dabararsa.