Dokokin Ghana Kan Ƙungiyoyin Sa-Kai Masu Tallafa Wa Ɗaliban Makarantun Gwamnati

 

Kusan duk farkon shekarar karatu, 'yan'uwa daga kwamitocin masallatai da ƙungiyoyin matasa da na mata, a nan Kalpohin da sauran unguwannin Tamale, sukan zo mana da tambaya iri ɗaya. Sun ga yara zaune a ƙasa cikin aji saboda ƙarancin kujeru, ko sun ji wata yarinya ta daina zuwa makaranta don babu kuɗin yunifom, sun tara abin da Allah ya hore, sai su tsaya suna tambaya: shin doka ta yarda mu shiga makarantar gwamnati da taimako? Wa za mu nemi izininsa? Dole ne sai mun yi rajista? Mun tattara amsoshin a nan domin su zama abin komawa.

Abu na farko da ya kamata a sani shi ne, Ghana ba ta da doka guda ɗaya da ta tattara wannan al'amari. Hukunce-hukuncensa a warwatse suke cikin kundin tsarin mulki, da dokokin ilimi, da dokar kamfanoni, da ta haraji, da ta kare yara. Za mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Nauyin da ke kan gwamnati

Kundin tsarin mulki na 1992, a sashe na 25, ya sanya ilimin matakin farko ya zama kyauta, tilas, kuma a buɗe ga kowa. Ya kuma umarci a sauƙaƙe ilimin sakandare har a kai shi ga zama kyauta sannu a hankali. Sashe na 38 ya ɗora wa gwamnati tsara shirin da zai tabbatar da haka, kuma daga nan aka samu shirin ilimin farko kyauta kuma dole a tsakiyar shekarun 1990.

Dokar Ilimi ta 2008, mai lamba 778, ta ƙayyade matakin farko da shekara 11: biyu a ajin share fage, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. A 2020 majalisa ta zartar da doka mai lamba 1049, wadda ta sake tsara ilimin da ke ƙasa da jami'a. A aikace kuwa, a 2005, zamanin Shugaba Kufuor, aka soke kuɗin makaranta a matakin farko, gwamnati ta fara biyan wani kaso a kan kowane ɗalibi, aka kuma fara ciyar da yara a makarantu. A watan Satumba na 2017, zamanin Shugaba Akufo-Addo, aka mayar da babbar sakandare kyauta, abin da ya shafi makarantu irin su babbar sakandaren Kalpohin.

Fa'idar sanin wannan ita ce ƙungiya ta gane matsayinta. Ilimin yaro haƙƙinsa ne a kan hukuma da iyayensa, ƙungiya mai cike giɓi ce kawai. Kuma giɓin yana nan: yunifom, takalmi, jaka, littafin rubutu, kuɗin abin hawa, kujeru, ruwan sha da ban ɗaki. Waɗannan ne ke raba ɗan talaka da aji, ko da an ce karatu kyauta ne.

Masu iko da makaranta

Hukumar Ilimi ta Ghana, wadda aka fi sani da GES, ita ce ke tafiyar da makarantun gwamnati, ta hannun daraktan yanki da daraktan gunduma, har zuwa hedimasta. Kowace makarantar matakin farko tana da kwamitin gudanarwa da ya ƙunshi wakilan iyaye da malamai da mutanen gari.

Doka mai lamba 1023 ta 2020 ta tsara wasu hukumomi uku da aikinsu ya shafi masu tallafi kai tsaye. NaSIA tana duba makarantu, NTC tana ba malamai lasisin koyarwa, NaCCA kuma tana tsara manhaja tana tantance littattafan da za a karantar. Saboda haka duk mai son sayen littattafan karatu ya tabbatar suna cikin waɗanda aka amince da su, ya kuma tambayi malaman ajin abin da suke buƙata kafin ya je kasuwa. Wanda kuma zai tura matasa su riƙa koyarwa cikin aji a lokacin darasi, ya sani koyarwa aiki ne mai lasisi, ba a shigarsa da kyakkyawar niyya kaɗai.

A nan akwai abin da mutanenmu ke yawan ruɗewa a kansa. Tun 1987 aka kafa Sashen Ilimin Musulunci a ƙarƙashin GES, makarantun Turanci da Larabci da yawa suka shiga cikinsa. Al'umma ce ta kafa su, kamar yadda marigayi Afa Ajura ya kafa Anbariyya a Tamale, amma wadda ta shiga sashen gwamnati ce ke tura mata malamai tana biyansu. Irin wannan makaranta, ko da a harabar masallaci take, ƙa'idojin makarantun gwamnati suna hawa kanta.

Rajistar ƙungiya

Sashe na 21 na kundin tsarin mulki ya ba kowa 'yancin kafa ƙungiya. Mutum ɗaya da ya saya wa ɗan maƙwabcinsa takalmi ba ya buƙatar takarda. Amma da zarar jama'a sun fara karɓar kuɗin mutane da sunan ƙungiya, suna son buɗe asusun banki ko ƙulla yarjejeniya da hukuma, to rajista ta zama dole.

Mataki na farko a Ofishin Magatakardan Kamfanoni ake yinsa, bisa Dokar Kamfanoni ta 2019, mai lamba 992. Ana yi wa ƙungiyar rajista a matsayin kamfanin da ba shi da hannun jari kuma ba ya raba wa mambobinsa riba. Ana buƙatar daraktoci aƙalla biyu, da sakatare, da mai binciken kuɗi, da rubutaccen tsarin ƙungiya mai bayyana manufofinta, sannan a riƙa miƙa rahoto duk shekara. Akwai kuma tsohuwar hanya, wato Dokar Amintattu ta 1962, mai lamba 106, wadda ke ba amintattun ƙungiyar addini damar mallakar fili da sunan ƙungiya.

Mataki na biyu shi ne lasisin aiki. A da Sashen Jin Daɗin Jama'a ne ke bayarwa. Daga 2020 aka kafa sakatariya ta musamman ta ƙungiyoyin da ba na riba ba, a ƙarƙashin ma'aikatar da ke kula da mata da yara da marasa galihu, kuma ana sabunta lasisin duk shekara. Ofishin jin daɗin jama'a na gunduma shi ne ƙofar da za a fara ƙwanƙwasawa.

Wannan tsanantawa tana da dalili. A 2018 hukumar duniya mai sa ido kan halatta kuɗin haram, FATF, ta sanya Ghana cikin ƙasashen da ake sa wa ido, ba a cire ta ba sai a 2021. A tsakanin nan aka yi doka mai lamba 1044 ta 2020, aka kuma matsa wa ƙungiyoyi su san daga ina kuɗinsu ya fito da inda ya tafi. Wannan ya shafe mu ƙwarai, mu da gudummawa ke zo mana daga ƙasashen Larabawa da 'yan'uwanmu mazauna Turai da Amurka. Duk kuɗin da ya shigo ya bi ta asusun ƙungiya, a rubuta sunan mai bayarwa da abin da ya bayar dominsa.

Mu kanmu mun taɓa ƙonewa a nan. Shekarun baya wani kwamiti da muke ciki ya tara kuɗin kujeru, aka bar su a asusun ma'ajinmu saboda mun yarda da shi, kuma ya cancanci yardar. Allah ya yi masa rasuwa ba zato. Babu takardar da ta raba kuɗin yara da dukiyarsa, magada kuwa ba su da laifi da suka nemi hujja. Damina biyu yaran suka yi a ƙasa kafin a warware. Ba don banza ba aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, ta zo kan rubuta mu'amalar kuɗi da kafa shaidu.

Haraji

Rajista kaɗai ba ta ɗauke haraji. Dokar Harajin Kuɗin Shiga ta 2015, mai lamba 896, ta ba shugaban hukumar tattara haraji, GRA, ikon amincewa da ƙungiya a matsayin ta agaji, kuma sai an rubuta an nema. Bayan amincewar ma, ribar kasuwancin da ƙungiya ta yi, kamar shago ko gidan haya, ba ta shiga cikin yafewar. Idan ƙungiya tana da ma'aikata masu albashi, wajibi ne ta cire musu haraji ta kuma biya musu kuɗin fansho.

Shiga makaranta da kare yara

Hanyar da ta dace ita ce a rubuta wa daraktan ilimi na gundumar da makarantar take, Tamale ko Sagnarigu, a bayyana abin da za a yi da tsawon lokacinsa. Idan aikin mai ɗorewa ne, kamar ginin aji ko haƙa rijiyar burtsatse, a yi takardar yarjejeniya da ta faɗi wanda zai riƙa gyara idan ya lalace. Sannan a zauna da hedimasta da kwamitin makaranta. Kayan da aka kai a shigar da su littafin kayan makaranta, a karɓi takardar shaida.

Dokar Yara ta 1998, mai lamba 560, ta ɗauki duk wanda bai kai shekara 18 ba a matsayin yaro, ta kuma wajabta wa wanda ya san ana cutar da yaro ya kai rahoto ga Sashen Jin Daɗin Jama'a. Don haka ɗan ƙungiyar da ya ga alamar cin zarafi ba shi da damar rufewa don gudun abin kunya. Ƙungiya ta tantance waɗanda take turawa cikin yara, kada ta bar babba ya kaɗaita da yaro, mata su kula da sha'anin 'yan mata. GES ta hana bulala a makarantunta, hanin kuma ya haɗa da masu sa-kai.

Dokar Kare Bayanan Mutane ta 2012, mai lamba 843, ta tsananta kan bayanan yara. Ɗaukar hoton maraya riƙe da jakar da aka ba shi, a watsa a Facebook da WhatsApp ba da izinin waliyyinsa ba, ya saɓa wa manufar wannan doka. Kafin doka ma, aya ta 264 a Suratul Baƙara ta hana ɓata sadaka da gori da cutarwa. Yaron nan zai girma, hoton kuwa yana nan.

Haka nan makarantar gwamnati ta kowa ce, akwai 'ya'yan Musulmi da na Kirista da na masu addinin gargajiya a benci ɗaya. Sashe na 21 ya kare 'yancin addini. Ba mu yarda a yi amfani da abinci ko littafi a ja ɗanmu daga addininsa ba, saboda haka mu ma ba za mu sanya wa ɗan wani irin wannan sharaɗi ba.

Misalai daga ƙasarmu

A 1995 aka kafa School for Life a Tamale, da haɗin gwiwar ƙungiyar raya karkara ta GDCA da abokanta na ƙasar Danmak. Tana tara yara 'yan shekara 8 zuwa 14 da ba sa makaranta, ajin mutum 25, ta koyar da su karatu da lissafi da harshen gida irin Dagbanci, da rana bayan sun taya iyayensu aiki, na tsawon wata tara, sannan ta miƙa su firamaren gwamnati. Wannan salo ya karɓu har gwamnati ta ɗauke shi, kuma a 2020 aka yi doka mai lamba 1055 da ta kafa hukuma mai kula da irin wannan ilimi na cike giɓi. CAMFED kuma ta fara aiki a arewacin Ghana a 1998, tana ɗaukar nauyin karatun 'yan mata tare da makarantu da kwamitocin gunduma. Dukansu biyun sun ɗore ne saboda sun yi aiki ta cikin tsari, suna da lissafi a rubuce.

Al'ummomin zango kuma su tuna da Asusun Raya Zango, wanda doka mai lamba 964 ta kafa a 2017, kuma ilimi yana cikin manufofinsa. Ƙungiya mai takardu cikakku ita ce ke iya tsayawa gaban irin wannan hukuma ta nemi haƙƙin unguwarta.

Zakka, sadaka da wakafi

Kuɗin da ke shigo wa ƙungiya ba hukuncinsu ɗaya ba. Zakka tana da gidaje takwas da aya ta 60 a Suratut Tauba ta ambata. Ɗalibi matalauci yana cikinsu saboda talaucinsa, ana ba waliyyinsa don buƙatun karatunsa. Amma gina aji ko sayen kujerun makaranta, mafi yawan malamai, har da na mazhabar Malikiyya, ba su halatta shi da kuɗin zakka ba, domin ba a mallaka wa wani matalauci ba. Wannan aikin sadaka ce da wakafi. Saboda haka a raba lissafin zakka da na sadaka tun daga ranar karɓa. Wanda ya ba da kuɗi don rijiya, ba a mayar da su fenti sai da izininsa. Wanda ya yi wakafin fili ko gida don karatun marayu, a rubuta shi da sunan ƙungiya mai rajista, a kai Hukumar Filaye, don kada ya narke cikin gado.

A taƙaice

Kwamitin da ke son fara wannan aiki ya rubuta tsarinsa, ya yi rajista, ya karɓi lasisi, ya buɗe asusun banki da lambar MoMo da sunan ƙungiya, mutum biyu ko uku su riƙa sa hannu. Ya nemi amincewar GRA, ya sami izinin daraktan ilimi a rubuce, ya karanta wa jama'a lissafi a masallaci aƙalla sau ɗaya a shekara. Ƙa'idoji da kuɗin rajista sukan canja, don haka a je ofishin da abin ya shafa a ji daga bakinsu kafin a biya kowa ko kwabo.

Muna roƙon Allah ya shirya mana zuriya, ya ba su ilimi mai amfani, ya sanya mu cikin masu riƙon amana. Allah ne mafi sani.