Inda Ake Neman Taimako A Jidda Ga Ɗalibar Da Aka Ci Zarafinta Ta Faɗa Shaye-shaye

Na tattara wannan bayani ne saboda iyayen da ke da 'ya'ya mata a jami'a. Likitocin ƙwaƙwalwa sun daɗe da lura cewa yarinyar da aka yi wa fyaɗe takan kama shan giya ko kodin ko ƙwaya don ta samu barci ta manta. Saboda haka raunin zuciyar da shaye-shayen tare ake maganinsu. In aka tsaya ga faɗa kawai, an bar jaki ana dukan taiki.

Doka
Saudiyya ta kafa dokar kariya daga cin zarafi a 2013, da dokar hana cin zarafi ta hanyar lalata a 2018. Ta biyun ta tanadi ɗaurin da zai kai shekara 2 ko tarar da za ta kai Riyal 100,000, ko duka biyu. In a makaranta abin ya faru, yana iya kai shekara 5 da Riyal 300,000. Kuma ta wajabta ɓoye sunan wadda aka zalunta. In ɗan gida ne ya aikata, a kira 1919, dare ko rana.

Asibiti
A je cikin awa 72, domin a lokacin ne maganin kariya daga ƙanjamau yake aiki. Asibitin Al-Amal na Jidda, wanda yanzu ake kira Irada, shi ke kula da masu shaye-shaye. Dokar miyagun ƙwayoyi ta 2005 ta ce ba a gurfanar da mai shan ƙwaya in shi ko danginsa suka nemi magani, muddin ya miƙa abin da ke hannunsa. Wadda ta daɗe tana shan giya da yawa kada ta daina dare ɗaya ba likita, don yana jawo jijjiga mai iya kisa. Don shawarar likita a kira 937.

Makaranta
Jami'ar Sarki Abdul'aziz tana da cibiyar ba ɗalibai shawara. Wadda ke karatu a Kano kuwa, akwai cibiyar Waraka a Asibitin Murtala.

Roƙona ga iyaye, kada a cire ta daga karatu, kada a yi mata auren gaggawa don rufin asiri. A fara da gaskata ta, a samo mata likita mace. Allah Ya shirya mana zuri'a, amin.