Iyakar Ikon Gwamnatin Tarayya: Darasi Daga Tarihin Gwandu

'Yan uwa mazauna birane, duk sa'ad da muka taru a gida, hirarmu ba ta wuce kukan cewa Abuja ta manta da Gwandu da Kalgo. Ya kyautu mu tantance abin da gwamnatin tarayya ke da iko a kansa, da wanda tsarin mulki ya ɗora wa wasu.

Raba iko ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu. A 1812 Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya raba gudanar da daula gida biyu: gabas a hannun Muhammadu Bello, yamma a hannun Malam Abdullahi. Daga Gwandu aka riƙa lura da Nupe da Ilori, amma kowace masarauta tana da sarkinta da alƙalanta.

Tarayyar Nijeriya ta kafu da tsarin mulkin 1954. A watan Mayu na 1966 Janar Ironsi ya soke ta da Doka ta 34, Arewa ta ƙi amincewa, Janar Gowon ya maido da ita a shekarar.

Tsarin mulkin 1999 ya keɓe wa tarayya soja, kuɗin ƙasa da hulɗa da ƙasashen waje. Ilimi mai zurfi kuwa na tarayya da jiha ne, shi ya sa muke da jami'ar tarayya a Kalgo. Filaye suna hannun gwamna bisa dokar 1978, sarauta kuma dokar jiha ce. Kasuwa, tasha da makabarta aikin ƙaramar hukuma ne, kuma tana da hannu a makarantun firamare.

Kotun Ƙoli ta tsare wannan iyaka. A 2002 ta ce Majalisar Tarayya ba ta da hurumin tsawaita wa'adin ƙananan hukumomin jihohi. A 2004 ta ce shugaban ƙasa ba ya iya riƙe kuɗin ƙananan hukumomin Legas. A ranar 11 ga Yuli, 2024, ta hana gwamnoni riƙe kuɗin ƙananan hukumomi.

Saboda haka, idan rufin firamarenmu ya yaye ko rumfunan kasuwa sun rushe, kada mu ɓata takarda zuwa Abuja. Mu tura wakilan ƙungiya sakatariyar Gwandu da ta Kalgo, su nemi bayanin abin da ya shigo da inda aka kashe shi. Allah Ya ba mu shugabanni masu riƙon amana.